Jimƙin hatsi a gaban bampir: tambayoyi da amsoshi kan tsohuwar jita-jitar mafarauta

Maganar nan ta hatsi da bampir ta ƙi mutuwa, duk fadar da aka kalli fim ɗin masu shan jini a nan Yamai sai wani ya tado ta, daga Bukoki har Talaje, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Tun farko mu fahimci juna: bampir babu shi, mafarautan da ake jingina ma jita-jitar ma mutanen cikin fim ne da littafi da wasan bidiyo. Amma waɗanda suka tone kaburbura don tsoronsa, su kam an yi su, da garuruwansu da shekarunsu a rubuce.

Wai wace jita-jita ce ma ake ta magana a kanta?

To, a labaran nan na masu farautar dodanni za ka lura iliminsu kashi biyu ne. Akwai wanda maigida ke koya ma yaronsa a fili: turke mai tsini a zuciya, sare kai, ƙonawa, hasken rana, tafarnuwa, harsashin azurfa, gicciye. Sannan akwai wanda ake faɗi ƙasa-ƙasa bayan an ci an sha, wanda kowa ya ji amma ba mai rantsewa a kai, babban cikinsu shi ne na hatsi. Wai in bampir ya rutsa da kai ba ka da komi a hannu, ka watsa mashi jimƙin hatsi a ƙasa, dole ya duƙa ya ƙirga ƙwaya-ƙwaya, ba zai iya tsallakewa ba ko da wuyanka na gaban bakinsa, kai kuma sai ka ranta a na kare.

Kuma kullum salon ba da shi ɗaya ne, ba za ka taɓa jin maharbi ya ce ni na gwada ba. Sai dai "wani tsoho da ya koya ma maigidana", ko "ƙanen wani da muka yi aiki tare". Wai tsohon nan harsashinsa ya ƙare, ya faɗa cikin rumbun wani manomi, ya farke buhu da wuƙa, shi ke nan abin ya durƙusa yana ƙirga yana gurnani don haushi har alfijir ya keto. Ka tambayi sunan tsohon, an manta. Garin fa? Can wajen tsaunuka. Sabbin shiga su yi dariya, tsofaffin hannu su taya su, amma in ka laluba aljihun tsohon hannun za ka tarar da ɗan ƙunshi.

Yaya, ba masu fim ne suka ƙirƙiro wannan don ban dariya ba?

A'a ƙanena, nan ne ma abin ke ɗaure ma mutane kai. A duk kayan yaƙin da na lissafa, na hatsin yana cikin waɗanda suka fi tsufa. Manoman gabashin Turai, su Sabiya da Romaniya da Polan da wajajen Rasha, suna yin shi tun ba a san za a yi wani abu wai shi sinima ba. In suna zargin mamaci zai taso sai su zuba mashi gero, ko ƙananan iri irin na mastad da popi, cikin akwatin gawa ko bisa kabarin, ko su bi hanyar da ta taso daga maƙabarta zuwa gida suna warwatsawa, wasu kuma a bakin ƙofa. A wasu wuraren cewa ake ƙwaya ɗaya tak yake iya ɗauka a shekara, ka ga an ba shi aikin da ba ranar gamawa. A arewacin Jamus koma ta kamun kifi ake sa mashi, wai sai ya kwance ƙulle-ƙullenta ɗaya bayan ɗaya kafin ya fito.

Ba Turai kaɗai ba ma. A tsibiran Karibiyan suna da wata tsohuwa, sukuyan, mai tuɓe fatarta da dare ta zama dunƙulen wuta ta tafi shan jini, maganinta a zuba shinkafa a bakin ƙofa ko a mararraba, ta yi ta tsinta har safiya ta iske ta.

Kuma ka lura da mutanen da suka fara yin abin. Ba mayaƙa ba ne, ba faɗa suke nema ba. Mamacin nan ubansu ne ko maƙwabcinsu, ba wanda ke son ya sare kan babansa, so suke kawai ya zauna inda aka aje shi ya bar masu rai su yi barci. Hatsi kuma shi ne abin da kowane talaka ke da shi a ɗaka. Wane manomi ne ke da azurfar da zai narkar ya yi harsashi?

To rana fa? Ai kowa ya san rana na ƙone shi.

Kowa ya sani ne saboda fim. A wurin mutanen ƙauyukan, bampir da dare yake yawo, zakara na cara ya koma kabarinsa, amma ba su ce rana na mai da shi toka ba. Ko a littafin Dracula na Bram Stoker, na 1897, wanda kusan duk fina-finan nan jikokinsa ne, mutumin yana yawonsa a titin Landan da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Ƙarshensa ma ba rana ba ce kuma ba turke ba, wuƙaƙe biyu ne, ɗaya a wuya ɗaya a zuciya. Mutuwa da hasken rana ta samu gindin zama ne daga fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, wanda suka kwashi labarin Stoker ba izini, matarsa ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata fim ɗin, amma wasu kofi suka tsira. Azurfa ita ma aro ce, a labarin mutumin da ke rikiɗa kyarkeci aka fi saninta.

Wannan shi ne abin da ke ba ni dariya da mafarautan cikin fim. Dokar da ta ɗan haura shekara 100 ita suka riƙe hannu bibbiyu, wadda kakannin kakanni suka yi aiki da ita kuma sun mai da ta hirar bayan shayi.

Mushe mai koyar da lissafi ya ce: jimƙi ɗaya zai kai mutum asuba kuwa?

Ba zai kai ba mushe, mu yi lissafin tare. Mu ɗauka ƙwaya 1,000 ta hatsinmu ta kai giram 10, wani iri ma bai kai ba. Kilo 1 ke nan ƙwaya 100,000. Jimƙi ɗaya mu ce giram 40, ƙwaya 4,000. In yana ƙirga ƙwaya ɗaya duk sakan, bai ɓata ba bai sake daga farko ba, cikin awa 1 da ƴan mintoci ya gama. Ya ishe ka gudu, har ka tari kabu-kabu in Allah ya sa akwai, amma bai ishe ka zama jiran rana ba. Dare na awa 12 sakan 43,200 ne, don haka rabin kilo ne zai cinye mashi daren duka. Tiya guda, mu ce kilo 2 da rabi, ƙwaya 250,000, kusan kwana 3 ke nan dare da rana ba hutu. Shi ya sa a labarin tsohon nan buhu ya farke, ba jimƙi ya watsa ba, duk wanda ya fara shirya labarin ya san hatsi.

Turken zuciya fa, shi ma ƙarya ce?

Shi kam tsoho ne, amma ba yadda kake gani a tele ba, inda jarumi ke tsalle ya caka ma bampir itace a tsakiyar faɗa ya watse ya zama ƙura. Ƙashin ƙirji ba tuwo ba ne. Asalin abin gawa ce kwance cikin kabari, da rana, mutanen gari sun taru har da limamin coci, a ɗora turken a buga da guduma, manufar kuma a kafe shi ne da ƙasa kar ya tashi. Masu tone-tonen tarihi sun sha samun shaida. A Sozopol ta Bulgeriya a 2012 an tono ƙasusuwan mutane da aka kafe ma ƙarfe a ƙirji. A Pien ta Polan a 2022 an samu wata mata ta ƙarni na 17 da lauje a gicciye a wuyanta, wai in ta yunƙura ta yanke kanta, ga kuma kwaɗon kulle ƙofa a babban yatsan ƙafarta. A wani tsibiri kusa da Benis ta Italiya, cikin kabarin waɗanda annoba ta kashe, an samu ƙoƙon kan wata mata da bulo a baki. In ka jera su duka, turke da lauje da kwaɗo da hatsi, aikinsu ɗaya ne: zauna a nan.

Ina abin ya samo asali har ya cika duniya haka?

Imanin tsoho ne a Balkan, amma abin da ya fito da shi duniya takardun gwamnati ne. A 1718 Ostiriya ta karɓi arewacin Sabiya daga hannun daular Usmaniyya, ta tura sojojinta da ma'aikata ƙauyukan da ba su san al'adarsu ba. A 1725 a ƙauyen Kisiljevo wani manomi mai suna Petar Blagojevic ya mutu, bayan haka mutum 9 suka bi shi cikin kwana 8, kowanne kafin ya cika yana cewa marigayin ne ya zo da dare ya shaƙe shi. Mutanen gari suka ce ma ma'aikacin gwamnati, Frombald, ko a tone ko su watse su bar ƙauyen. Aka tone a gabansa, aka kafe, aka ƙone, ya rubuta rahoto, wata jaridar Biyana, babban birnin Ostiriya, ta buga.

Sai kuma na Arnold Paole a ƙauyen Medvedja, tsohon soja da ya faɗo daga keken ciyawa ya mutu, aka tone shi bayan kwana 40. Da mace-mace suka dawo a 1731 aka turo likitan soja Johann Fluckinger, rahotonsa na Janairun 1732 shi ne ya bazu Turai duka, malaman jami'a suka yi ta rubuce-rubuce, har wani malamin coci Bafaranshe, Augustin Calmet, ya fito da littafi sukutum a 1746. Da abin ya yi yawa sarauniyar Ostiriya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya duba lamarin a 1755, ya ce jahilci ne da tsoro, aka hana tone gawa da kafe ta. Daga nan marubuta suka karɓa, suka cire manomi mai kumburarren ciki suka kawo basarake mai baƙar alkyabba.

Amma Malam, likitoci ne fa suka ga gawar ba ta ruɓe ba, har da jini a baki. Wannan fa?

Sun gani, fassarar ce ba su da ita. Allah ya sa mu cika da imani, amma ga yadda jiki ke yi bayan an rufe shi. Iska na taruwa a ciki ta kumbura shi, ramammen mutum sai ya fito kamar ya yi ƙiba, fata ta yi ja. Iskar nan ita ke turo wani jan ruwa ta baki da hanci, mai kallo ya ce jinin da ya sha ne. Fata na bushewa ta ja baya, sai farce da gemu su zama kamar sun ƙara tsawo. In aka buga turke a ƙirji iskar ta bi ta maƙogwaro ta fito da ƙara kamar nishi, nan kowa ya rantse ya ji shi ya yi kuka. Ga kuma sanyin ƙasarsu, gawar da aka rufe cikin hunturu tana daɗewa ba ta sauya ba. Mu nan da ake wanka a yi sallah a kai mutum makwancinsa a ranar, ba mai komawa ya buɗe, ba mu ma da inda za mu ga irin haka.

Tafarnuwa?

Tsohuwa ce ita ma, musamman a Romaniya, ana shafa ta a ƙofa da taga. Kora take, ba kisa ba.

Ni dai a ganina bampir maye ne kawai na Turawa, ko ba haka ba?

Suna kama amma ba ɗaya ba ne, ƴar uwa. Maye yadda ake ba da labarinsa a ƙasar Hausa mai rai ne, yana cikin gari, ana gaisawa da shi a kasuwa, kurwa yake kamawa ba wuya yake cizo ba, maitar kuma ko ya gada ko ya sayi ƙanƙara. Shi ya sa ake ce mashi "kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa", in an kama shi a sa shi ya tsallake marar lafiya. Zabarmawa na da nasu, cerkaw, kuma suna da sohance da aka ce su ke faɗa da su da dare, in kana neman mafarautan dodanni na gida to ga su nan. Bampir shi matacce ne da ya ƙi kwanciya. Bambancin ba ƙarami ba ne, don wanda aka zarga da bampiranci ya riga ya mutu, ba abin da za a ƙara mashi, wadda aka zarga da maita kuwa yawanci wata tsohuwa ce da ba ta da mai tsaya mata, kuma da ranta ake jifanta.

An ce ba ya tsallake ruwa mai gudu. Ke nan in yana Harobanda mu na wannan gaɓar mun tsira?

In ka bi wannan dokar, eh, kogin Isa ya raba ku. Sai dai a labaran ana iya ɗaukarsa cikin akwatinsa a ƙetare da shi, kuma tun 1970 akwai gadar Kennedy, yanzu ma gada uku ce. Kar ka dogara da kogi.

Na ga wani akwati a intanet, wai kayan kashe bampir na ƙarni na 19, da bindiga da turaku da kwalabe. Na gaske ne?

Akwatin na gaske ne, tarihin da aka liƙa mashi ne na ƙarya. Ana sayar da irinsu a gwanjo da kuɗi masu yawa, wasu har da takardar wani farfesa da ba a taɓa samun shaidar ya rayu ba. Gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds a Ingila ya sayi ɗaya a 2012, kuma su da kansu suka ce haɗi ne na rabin ƙarshe na ƙarni na 20: a samo tsohon akwati, tsohuwar ƙaramar bindiga, tsohon littafin addu'a, a jera su yadda fina-finai suka koya ma mutane. Babbar alama ma ita ce kayan cikin sun yi daidai da fim fiye da yadda suka yi daidai da ƙauyen Sabiya.

Jemagun nan da ke rataye a itatuwa suna shan jini?

A'a, bar su, ƴaƴan itace suke sha, mangwaro da makamantansu. Jemagu masu shan jini iri 3 ne kawai a duniya kuma duk a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa Ajantina, yawanci dabbobi suke bi. Amma dai kar ka kama jemage da hannu, suna ɗaukar cututtuka.

Akwai wata cuta da ta sa mutane suka yarda da abin?

Wadda aka tabbatar tarin tibi ne. Yana shiga gida ya kwashe mutane ɗaya bayan ɗaya, marar lafiya na ramewa yana fari yana tarin jini, sai a ce wanda ya fara mutuwa ne ke tsotse sauran. A 1892 a Exeter ta jihar Rhode Island a Amurka an tono wata budurwa ƴar shekara 19, Mercy Brown, wadda ta mutu a Janairu, aka ƙone zuciyarta aka jiƙa tokar aka ba ɗan uwanta mai fama da tarin ya sha. Bayan kamar wata 2 shi ma ya mutu. Lokacin shekara 10 ke nan da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, labarin ne bai kai ƙauye ba, ko ya kai ba a karɓa ba. A 1998 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sifen ya kawo shawarar ciwon haukan kare, saboda cizo da rashin barci da gudun ruwa da haske. Hasashe ne mai ma'ana amma hasashe ne.

A zamanin nan an taɓa fita farautar bampir da gaske?

An yi. Daren Juma'a 13 ga Maris 1970 mutane suka yi cincirindo suka haura katangar maƙabartar Highgate a Landan neman bampir, bayan an yi maganar a tele, ƴan sanda suka kasa tare su, ba su samu komi ba. A 2004 a wani ƙauye a kudancin Romaniya dangi suka tono mamacinsu suka ƙone zuciyarsa, maganar har kotu. Wanda ya fi muni na Malawi ne a 2017, jita-jitar masu shan jini ta bazu a kudancin ƙasar, ƴan sintiri suka tare hanyoyi, aka kashe mutane da dama da ba su ji ba ba su gani ba, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomi.

In hatsin ya fi asali, mi ya sa fina-finai ba su cika sa shi ba?

Don yana kashe kasuwa. An ɓata awa guda ana nuna maka wannan halitta tana fasa ƙofa tana ɗaga mota, sai a ƙarshe wata tsohuwa ta watsa mata tsaba ta durƙusa kamar kaza, wa zai sake jin tsoronta? Jarumin ma ya tashi a banza, da rigar fata da bindigoginsa. Shi ya sa in an sa shi sai a sa a bakin wani maharbi mashayi wanda ba mai yarda da maganarsa, ko a yi shi don dariya. Ni kuwa a wurina ya fi sauran ban tsoro, abu mai ƙarfin mutum 20 wanda ba ya iya hana kansa ƙirga, yana kallonka kana tafiya, yana so ya tashi ba hali.

To in ya iya lissafi fa, ya duba sau ɗaya ya faɗi adadin?

Wannan gardamar su kansu mafarautan cikin labari suna yin ta. Wasu su ce tsohon bampir da ya shekara ɗaruruwa saurin idonsa ya wuce haka, kafin hatsin ya gama sauka ya ƙirge shi a iska, ka ɓata tsabarka a banza. Wasu su ce dole sai ya taɓa kowace ƙwaya da hannu, wanda shi ya fi kusa da yadda manoman suka faɗa, don su tsinta suke cewa ba kallo ba. Akwai masu cewa ka haɗa hatsi da riɗi da yashi don ya rikice, akwai masu cewa ka tsaya daga nesa kana ƙwala lambobi, 17, 52, 300, har lissafin ya ɓace mashi ya koma farko. Kowane marubuci da nashi bampir, sai ka duba dokar wanda kake kallo.